Daminar da na tsoma hannu a maganin auduga

Ranar sunan jikar babbar yayarku Abarta, ina kishingiɗe a ɗaki an ɗauka barci nake, na ji wata cikin matan da suka zo daga Tafoki tana ba 'yan mata labari ƙasa-ƙasa, wai ai kakanku na wajen uba shi ya shafa mini guba, shi ya sa hannuna na dama yake rawa har yau. Ba wanda ya ce mata ƙarya take. Har da ku a wurin, na ji muryoyinku kafin ta fara, na kuma ji yadda kuka yi tsit da ta gama. To tunda abin ya kai nan, gara in zauna in rubuta shi tun ina numfashi, don bawan Allahn nan yana kwance a kabarinsa, ba ya iya tashi ya kare kansa. Ba shi ya shafa mini ba. Ni na tsoma hannuna, idona biyu, da hankalina, kuma ga yadda aka yi.

Daga Sheme aka kawo ni Tafoki. Gidan gandu ne, gona ɗaya, tukunya ɗaya, magana ɗaya, maganar kuma ta Baba ce, wato kakan naku. Dogo ne, baƙi, ba ya da yawan magana, manomin auduga ne da ake kwatance da shi har Faskari. Abu ɗaya ke narkar da shi: jikoki. Aljihun taguwarsa ba ya rabo da aya da dabino, in ya dawo gona sai ka ga yara sun yanyame shi tun daga bakin zaure, wani a wuya, wani a ƙafa. Ni kuwa suruka ce. Shekara shida a gidan ban taɓa kallon tsabar idonsa ba, ban taɓa kama sunansa ba, ban taɓa ce masa komai ba bayan gaisuwa, ita ma daga nesa, a durƙushe. In ina da magana sai in gaya wa Inna, mahaifiyar babanku, ita ta san lokacin da za ta kai masa, amsa kuma ta dawo ta hanyar da ta tafi. Ku na yanzu da ke zama kujera ɗaya da surukanku kuna gardamar siyasa, na san dariya za ku yi. Ku yi dai. Mu haka muka tashi, kuma ba mu ɗauke shi zalunci ba.

Kafin Abarta na haifi biyu, duk maza. Ba ku san su ba, kuma ban cika zancensu ba. Kowanensu daminarsa ta biyu ce ta tafi da shi, daidai lokacin da masara ta fara nuna. Zazzaɓi ya kama yaro, kwana uku, sai ido ya juye, jiki ya sanƙare, shi ke nan. Tsofaffi suka ce sabuwar masara ce, wasu suka ce ɗanyar gyaɗa, wasu suka ce laimar ƙasa. Aka fara ce mini mai wabi a bayan idona. Da na haifi mace, aka raɗa mata Hauwa'u, Inna ta ce Abarta za a riƙa kiranta, ko Allah Ya bar mana ita. Ta ƙetare daminar farko tana goye. Da ta biyu ta doso, tana da shekara ɗaya da 'yan watanni, ta fara tafiya tana tangaɗi, ni kuma na daina cin abinci. In na ga hadari ya haɗo gabas, kowa na murna, ni gabana faɗuwa yake.

Shekarun nan ne kuɗin man fetur suka shigo ƙasa. Mu a ƙauye ba mu ga man ba, amma mun ga abin da ya jawo. Rediyo a kowane zaure, kwanon rufi yana walƙiya a gidajen da da ciyawa ce, samari suna ajiye fartanya su tafi Kaduna leburanci. Malaman gona suka fara zuwa da taki, da injin feshi na goyo, da galan-galan na maganin ƙwarin auduga. Baba yana cikin na farko da suka karɓa. Kai, ya so injin nan! In ya dawo feshi sai mu jiyo shi a zaure yana ba abokansa labarin yadda tsutsa ke zubowa daga ganye tun bai kai ƙarshen kunya ba. Shekara da shekaru tsutsa tana cinye masa wahala yana kallo, yau ga abin da ke kashe ta a gaban idonsa. Wa zai ga laifinsa?

Ruwa ya sauka da kamar sati biyu, sai ga Yaya Isiya, wana uwa ɗaya uba ɗaya, ya biyo ta wajenmu. Lokacin yana aiki da masu awon hanya a dajin wajen Sabuwa, shi ke riƙe musu sandar awo, suna kwana cikin tanti a bakin fadama. Ya iske ni na rame, ya tambaye ni, na gaya masa abin da ke cina. Ya buɗe jaka ya fito da wani tsohon gidan sauro mai faci biyu, da wata 'yar kwalba da ba ta kai tsawon tafin hannuna ba.

"Mi ne ne wannan, Yaya? Ina cikin wanga hali za ka kawo mani turare?"

"Turaren da sauro ba ya so ne. Ke dai ɗauko mayafi ki biyo ni bayan gida."

Bayan gidanmu akwai kududdufin da aka haƙi ƙasar gini, da magariba sauro ke tashi daga cikinsa kamar hayaƙi. Yaya ya naɗe hannun riga, ya ɗiga man nan sau uku a tafinsa, ya murza, ya shafe hannun dama daga damtse har wuyan hannu, ya bar na hagu haka nan. Ya miƙa su duka biyu ya ce in kalla. Kafin in ƙirga ashirin na hagun ya yi baƙi. Na daman kuwa, sai in ga sauro ya taho da saurinsa, ya zo dab da fata, ya yi ta shawagi kamar wanda ya shiga ɗaki ya manta abin da ya kawo shi, ya juya. Ko ɗaya bai sauka ba. Na saki baki.

"Malamin lafiyarmu ya ce sauro ba da ido yake neman mutum ba," in ji Yaya. "Numfashinki yake bi, da ɗumin jiki, da warin gumi. Wanga mai in yana bisa fata, tururinsa ke rikita shi, ya zo kusa ya kasa sauka. Ba ya kashe shi, kora ce kawai. Kuma zazzaɓin nan da ke ɗauke mana ɗiya, ba masara ba ce, Indo. Sauro ke cizon mai ciwo ya kwaso, ya zo ya zuba ma mai lafiya. In bai ciji ɗiyarki ba, ba ya da ta inda zai zuba mata."

Ya koya mini yadda ake yi. Kaɗan ake shafawa, inda tufa ba ta rufe ba. Ba a kai shi ido, ba a kai shi baki, ba a sa shi a kan ƙurji, ba a shafa wa yaro a tafin hannu don baki zai kai. Gumi yana rage shi, ruwa yana wanke shi, ko babba in ya yi alwala sai ya sake. Ƙarfinsa kuma na 'yan awoyi ne, ba ya kai mutum asuba, don haka shi ne na zaman tsakar gida da yamma, gidan sauro shi ne na kwana. Da zai tafi, har ya hau kekensa, ya sake sauko da ƙafa ɗaya.

"Abu guda kar ki manta. Magani iri biyu ne, akwai mai kora, akwai mai kashewa. Mai kora aka yi don fatar mutum. Mai kashewa na bango ne da na gona. Shi ko ɗigo ya taɓa ki, ki nemi sabulu."

Daga ranar na ɗaura ɗamara. Kafin rana ta faɗi na yi wa Abarta wanka, na sa mata doguwar riga, in ɗiga mai in shafe mata ƙafafu da hannuwa da bayan wuya. Ana gama tuwo in cusa ta gidan sauro in danne gefe-gefe da tabarma. Ni ban taɓa shafa ko ɗigo ba, sauro ya yi ta cina, oho. Faccalata Ladi, matar ƙanen babanku, mai bakin tsiya ce, Allah Ya jiƙanta. Da ta ga na ɗauko kwalba sai ta ɗaga murya, "Ku ba da hanya, za a yi ma amarya kwalliya, angon nata na bakin kududdufi yana jira!" A yi ta dariya, ni ma in yi, amma ban fasa ba ko sau ɗaya. Wata ya zagayo, ƙafafun sauran yaran gidan duk sun yi tabo da susa, biyu sun kwanta zazzaɓi sun tashi da ƙyar. Ƙafar Abarta sumul.

Baba mutum ne mai lura. Ya gani. Ya aiko Inna ta karɓi kwalbar, ya juya ta, ya shinshina, ya maido. Da Inna ta kawo mini ita sai ta zauna bakin gadona, abin da ba ta saba ba.

"Ya ce in gaya maki ya yarda, sauro ne. Ya ce Allah Ya yi ma Isiya albarka. Amma ya ce ya duba tsakar gida da safe bai ga gawar sauro ko ɗaya ba. Ya ce maganin da ke barin mugu ya tafi da ransa ba magani ba ne, lallashi ne. Kuma ga kwalbar taki ta kusa ƙarewa, ga ɗiya takwas cikin gida. Shi yana da galan guda na auduga, in ya haɗa da man kaɗe zai ishi kowa har kaka ta yi."

Ni da idona na ga kajin Ladi uku sun sha ruwa inda Baba ya wanke injinsa, kafin azahar sun miƙe ƙafa. Na ce, "Inna, don girman Allah ki koma ki ce mashi wancan na kashewa ne, Yaya ya ce ko a hannu ba a barinsa. Ki tuna mashi kajin Ladi." Ta koma. Amsa ta dawo washegari: Baba ya ce kaza daban, mutum daban, kuma kaji sha suka yi, shi shafawa zai yi, marfin galan ɗaya tak zai sa, man kaɗe zai karya ƙarfinsa. Shi da ke goya shi a bayansa yini guda, me ya same shi? Ranar Juma'a bayan la'asar zai haɗa.

Na tari babanku. Na yi masa bayani, na yi kuka, na kira masa sunayen yaran nan biyu da muka binne. Ya sunkuyar da kai yana wasa da bakin tabarma.

"Indo, Baba ne fa."

"Na sani Baba ne. Abarta kuma ɗiyar wa ce?"

"Zan ga abin da za a yi."

Bai ga komai ba. Ya je zaure sau biyu da niyyar magana, ya dawo da ita a bakinsa. Allah Ya jiƙan babanku, mutumin kirki ne, amma ban taɓa jin haushinsa irin na kwanakin nan ba. Na yi tunanin in goya ɗiyata in kama hanyar Sheme. To in na tafi, sauran bakwai ɗin fa? 'Ya'yan Ladi ba mutane ba ne? Na yi tunanin in sace galan ɗin in zubar, na san kafin sati zai karɓo wani. Abin da na gane shi ne, Baba ba ya yarda da abin da aka gaya masa, sai abin da ya gani. Tsutsa ya gani ya yarda da injin. Ƙafar Abarta ya gani ya yarda da sauro. To sai dai ya gani.

Juma'a ta zo. An sauko masallaci, an yi la'asar, ina bakin murhu ina talge, sai na ji sallamarsa. Ya shigo da wata tsohuwar tasa a hannu, an juya man kaɗe da maganin ya koma fari-fari, warinsa ya riga shi isowa. Ya kifa turmi a gindin bishiyar bedin da ke tsakar gida ya zauna. Yara suka jeru suna tsalle, sun ɗauka wani abin daɗi ne. Fuskarsa fal murna, wallahi, irin murnar mutumin da ya samo wa iyalinsa mafita.

"A fara kawo mani Abarta," ya ce. "Ita ta fi bukata."

Ba sai an kawo ta ba. Da ta ji muryarsa ta saki zanen Ladi ta nufe shi tana tangaɗi, hannu a sama. Na dubi babanku, yana tsaye bakin ƙofa yana kallon ƙasa. Na dubi Inna, ta kau da kai. Bakina ba ya da izinin ce wa Baba a'a, ko na buɗe shi ma ba abin da zai fito. Na ajiye muciya. Ban san sadda na ƙetare tsakar gidan ba, na ga dai na durƙusa a gabansa, tsakaninsa da yarinyar, kaina a ƙasa. Na tsoma hannun dama cikin tasar har wuyan hannu, na kwaso, na shafe hannun hagu, na shafe wuyana da kafaɗu, na sake kwasowa. Sannan na juya wajen Inna.

"Inna, ki ce ma Baba a fara da babba. In na kai isha'i lafiya, sai a shafa ma yara."

Ladi ta fizge Abarta ta rungume. Ina kallon ƙafafun Baba, don su kaɗai nake iya kallo, na ga yatsunsa sun dunƙule cikin takalmi. Da ya tashi magana, shi ma da Inna ya yi.

"Ki ce mata ta tashi ta wanke."

"Inna, ki ce ma Baba ya yi haƙuri. Sai isha'i."

Nan ne wautata, kuma ba na ɓoye ta. Da na tashi na wanke da sabulu a lokacin, da watakila hannun nan lafiya lau yake yau. Amma na san in na wanke ban ji komai ba, gobe za a sake haɗa wata tasar, a ce ai ga Indo nan garau. Na koma gefe na zauna a kan tabarma, na ce wa Ladi kada ta bari yarinyar ta matso ni. Baba bai tashi daga kan turmin ba, bai kuma shafa wa kowa ba. Ya ajiye tasar tsakanin ƙafafunsa, muka zauna, shi can, ni nan, gida guda yana kallonmu.

Ban kai isha'i ba. Tun kafin a kira magariba fatata ta fara zafi kamar an goga barkono. Sai ciwon kai, sai gumi ya karyo mini, yawu ya cika mini baki ina tofarwa yana sake taruwa. Na ɗaga ido na ga bedin ya zama biyu, ya yi duhu. Naman hannuna ya kama motsi shi kaɗai, kamar naman saniyar da aka yanka yanzu. Na so in ce Ladi ta ba ni ruwa, amai ya riga maganar. Abu na ƙarshe da na ji shi ne muryar Baba, wadda ban taɓa jin ya ɗaga ba, yana ihu, "Sabulu! Ku kawo sabulu! Ku wanke ta!"

Sauran labarin Ladi ta ba ni. Mata suka ja ni bayan ɗaki suka tuɓe ni suka wanke da sabulu da ruwa randa biyu. Allah Ya sa akwai wani ɗan kasuwa da ya zo sayen hatsi da a-kori-kura, aka sa ni a baya. Hanyar Faskari a lokacin taɓo ce zalla, motar ta kafe sau uku. Ladi ta ce duk sau ukun Baba ne farkon dira, tsoho da shi, babbar rigar Juma'a a jikinsa, ya sa kafaɗa yana turi, takalmansa ma can ya baro su. A asibiti aka yi mini allurai, aka ɗaura mini ruwa. Sai washegari da hantsi na san inda nake.

Malamin asibitin wani gajere ne mai faɗa. Da ya ga na farfaɗo sai ya tsaya a kaina, babanku da Baba suna bakin ƙofa, ya yi magana yadda za su ji.

"Kun ga babba ce, ga yadda ta yi. Fatar yaro ta fi sha, jikinsa kuma ƙarami. Man da kuka haɗa da shi bai rage komai ba, shi ya ma taimaka ya shige. Da ɗiyar aka shafa ma, ba nan za ku kawo ta ba." Sannan ya juyo kaina. "Ke kuma, wane irin taurin kai ne wannan? Ba ki da baki?"

Na ce, "Malam, ina da shi. Ba inda zan kai shi ne."

Ya ce kada in sake in ba yarinya nono sai ya ce. Kwanana tara a can. Kafin in dawo nonon ya ƙafe, aka yaye Abarta a tsakiyar damina, lokacin da ba mai hankalin da ke yaye. Wannan ma ni na jawo mata. Na dawo na iske ta faɗa, idanu sun yi zuru-zuru, ta ƙi zuwa wurina sai da aka kwana biyu. Amma ƙafarta ba tabo ko ɗaya. Inna, wadda da take cewa kayan Nasara ne, ita ta riƙa shafa mata man kowace yamma tana cusa ta gidan sauro, har da danne gefe da tabarma yadda nake yi. Babanku kuma, ba wanda ya aike shi, ya hau keke ya tafi har dajin Sabuwa neman Yaya Isiya. Kwana uku ya yi, ya dawo cinyoyinsa sun kumbura, da kwalba biyu a aljihu da kwatancen kantin magani a Funtuwa inda ake samu. Na dube shi na ce sannu. A ranar na huce.

Ba na ce muku man nan laya ba ne. Da masara ta nuna, Abarta ta tashi wata safiya jikinta rau. Ban jira kwana uku ba, ban jira jiƙo ba, ban jira a kai magana zaure a dawo da ita ba. Na goya ta, babanku ya ɗauke mu a keke, kafin azahar muna gaban gajeren malamin nan. Ya ba ta magani, kwana biyu ta miƙe tana neman koko. Sau ɗaya ke nan duk daminar, ita da yayyenta suka sha kwanciya wata-wata kafin na ƙarshen ya zo musu. Sauran yaran gidan ma aka riƙa ɗiga musu, aka ɗinka musu gidan sauro biyu suna kwana huɗu a ɗaya, uku a ɗaya. Daminar nan ba a fitar da gawar yaro daga gidanmu ba.

Wanda bai warke ba shi ne Baba. Ya haƙa rami ya binne tasar, ya kwashe galan da injin ya kai bukkar gona, bai sake shigo da su gida ba. Gari kuwa ya ɗauka. A bakin rijiya, a kasuwa, wai ya shafa wa surukarsa guba. Bai taɓa buɗe baki ya ce ba haka aka yi ba, don in ya faɗi gaskiya ni za a zaga, a ce suruka ta yi wa surukinta tsaurin ido a tsakar gida. Ya zaɓi a zage shi. Ya daina zama dandali, daga gona sai masallaci sai zaure. Abin da ya fi ci mini rai shi ne hannuwansa. Sai ya wanke su da sabulu ya sake wankewa, ko bai je gona ba. Aya da dabino ya daina miƙawa, sai ya ba Inna ta raba. In yara suka taho da gudu sai ya maida hannu baya ya haɗe. Abarta ta riƙa zuwa ta rungume ƙafarsa tana ɗaga kai, tana miƙa hannu a ɗauke ta, shi kuma ya tsaya ƙiƙam yana kallon sama, ya ce, "Wani ya zo ya ɗauki ɗiyar ga." Ta yi ta kuka. Ina leƙe ta tagar ɗaki ni ma ina yi. Na so ya gani, ya kuwa gani, amma ban yi nufin in karya shi haka ba.

Na aika Inna sau biyu ta ce masa ya yafe mini. Sau biyun ta dawo ta ce ya yi shiru.

Ruwa ya ɗauke. Kududdufi ya ja baya, sauro ya yi sauƙi, auduga ta fashe fari fat a gonaki. Wata safiya na yi wa Abarta wanka, na dube ta, ta yi kumatu, ta fara haɗa kalmomi, ta wuce watannin da yayyenta ba su wuce ba. Na sa mata sabuwar riga, na ɗauke ta, na nufi zaure. Inna ta ce, "Ina za ki?" Na wuce abina. Ladi ta ajiye tsintsiya ta bi ni da ido.

Yana zaune shi kaɗai a kan buzu yana jan carbi. Na yi sallama na durƙusa. Da ya ga abin da ke hannuna sai ya ajiye carbin ya fara maida hannuwa baya. Ban ba shi lokaci ba, na matsa da gwiwa na ɗora masa ita a cinya. Sannan na yi abin da ban taɓa yi ba a shekara shida, ban kuma sake ba har ya bar duniya. Na yi masa magana, ni da shi, ba Inna a tsakani.

"Baba, ga ta nan. Ta ƙetare."

Ya ɗaga hannuwansa sama kamar mai addu'a, don kar su taɓa ta. Yarinya kuwa ina ruwanta, ta miƙe tsaye a kan cinyarsa za ta kai wa hularsa cafka, ƙafarta ta zame, ta tafi da baya. Ban motsa ba. Ya cafe ta.

Ya riƙe ta a ƙirjinsa da hannu biyu, kafaɗunsa suna rawa, ya ƙi sakinta. Na ja da baya a hankali na fito, na koma na ɗora tukunya. Har aka kira azahar ba a maido mini ita ba.